Wankin Kuza: In Aiki da Kaya Sun Yi Wa Mutum Yawa

  

Akwai wata gaisuwa da muke yi kullum. Ka ce wa mutum, "Ina gajiya?" Ya ce, "Ba gajiya." Amma in ka dubi idonsa za ka ga gajiyar tana nan zaune daram. Ya tashi tun ƙarfe 4 na asuba. An ɗebi ruwa, an shirya yara, an bi layin keke, an yini a wurin aiki, waya tana ta kuka. Da yamma ga taro. Ya dawo gida yana neman rasidin kuɗin makaranta, ya birkice ɗaki duka bai samu ba. Ya kwanta, jiki ya kwanta, amma zuciya tana ta lissafi har zakara ya yi cara. Washegari aikin da ya saba gamawa cikin awa ɗaya sai ya ci masa awa uku.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, in haka kake, kada ka yi saurin ce wa kanka rago. Sau da yawa ba ƙyuya ba ce. Abin da ya faru shi ne, mai nauyi da marar nauyi sun cakuɗe wuri ɗaya, kana kuwa ɗauke da su duka.

Mu mutanen Filato muna da misalin wannan a ƙofar gidanmu, wato wankin kuza. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a nan. Saboda ita aka jawo ƙaramin layin dogo daga Zariya, ya iso Jos da Bukuru a 1914. Kakanninmu da yawa sun ɗauki ƙasa a kai a cikin waɗannan ramuka, waɗansu ma da tilas aka kawo su lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, amma har yanzu in ka bi ta wajen Bisichi ko Sabon Gidan Kanar za ka ga mata da samari a bakin ruwa suna wanki.

Ka taɓa tsayawa ka duba yadda suke yi? Ƙasar da aka haƙo, yawancinta yashi ne da laka da tsakuwa. Kuzar kaɗan ce a ciki. Amma kuza ta fi yashi nauyi fiye da sau biyu. Saboda haka sai a zuba ƙasar inda ruwa yake gudu, ko a juya ta cikin kwano da ruwa. Ruwa ya kwashe marar nauyi ya tafi da shi, baƙar kuzar ta kwanta a ƙasa. Ba mai wankin da yake ɗaukar tarin ƙasar duka ya kai wa mai saye. Da zai yi haka, da wuyansa ya karye kafin ya kai hanya, kuma ba wanda zai biya shi kuɗin yashi. Gwanintarsa duka tana wurin rabewa.

To, mu fa? Da yawanmu ƙasar duka muke ɗauka.

Ba na cewa laifinmu ne kawai. Garin nan ya sha abubuwan da suka tara wa mutane kaya. A watan Fabrairu na 2002 babbar kasuwar Jos ta Taminus ta ƙone. Kasuwa ce da ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. Dubban 'yan kasuwa suka rasa rumfa, suka koma bakin titi, wajen Ahmadu Bello Way da kewaye. Wanda ba shi da wurin ajiya kuwa, ina zai kai kaya da dare? Gida. Ɗakin kwana ya zama sito. Rikice-rikicen 2001, 2008 da 2010 suka sa iyalai da yawa suka bar unguwannin da suka saba, waɗansu suka cunkushe wurin dangi, waɗansu hanyarsu ta zuwa aiki ta ninka. Daga baya, a watan Mayu na 2023, aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka hau. Malamin makaranta ya zama manomin dankali kuma mai sayar da kati. Ma'aikaciyar asibiti tana kiwon kaji a bayan ɗaki. Wanda ya ce wa irin waɗannan mutane "ku huta kawai", bai san kuɗin mudun masara ba.

Ba za mu iya rage kuɗin mai daga cikin ɗakinmu ba. Amma akwai yashin da yake hannunmu, wanda mu ne za mu bar ruwa ya tafi da shi.

Mu fara da ɗakin kansa. Ka leƙa ƙarƙashin gado. Ga rediyon da ya mutu shekara bakwai ke nan ana cewa za a kai gyara. Ga takalmin yaron da yanzu yake jami'a. Ga kalandar biki da ta jana'iza, ga bokitin roba da ya tsage, ga ashobi kala goma da aka sa sau ɗaya ɗaya. Kowane ɗayansu ƙaramin abu ne, amma suna cin wuri, suna tara ƙura da kyankyaso da ɓera, suna kuma ɓoye abin da ake bukata da gaske. Minti goma na neman mabuɗi da safe, minti goma na neman almakashi a shago, in ka tara su a mako ka yi asarar awoyi. Ga kuma faɗan da yake biyo baya: "Wa ya taɓa mini takarda?" Miji da mata da yawa sun fita gida da fushi a kan abin da yake ƙarƙashin tarin tsumma.

Na san abin da wata uwa za ta ce: "Wata rana zai yi amfani." Ba ta yi ƙarya ba, domin wanda ya san rashi ba ya zubar da abu da sauƙi. Har tarihin kuza ma yana bayanta. Akwai wani ma'adini da ake kira kwalambait, wanda da can ake zubarwa tare da yashi. A shekarun 1950 kuɗinsa ya tashi, kamfanoni suka koma kan tsofaffin tarin ƙasar suna sake wankewa. Gaskiya ne. Amma Mama, ki lura, a fili suka tara shi, ba a ɗakin da suke kwana ba.

Ga yadda za a yi ba tare da tashin hankali ba. Kada a ce za a gyara gida duka rana ɗaya, gama za a gaji a bari, ɗakin ya fi da muni. A ɗauki kwali ɗaya ranar Asabar. Abin da aka yi amfani da shi cikin shekarar nan, a ajiye. Abin da yake da kyau amma ba a taɓa shi ba tun damina biyu, a ba wanda yake bukata. Muna da 'yan'uwa da aka kora daga ƙauyukansu, sun zo da rigar jikinsu kaɗai, ga sanyin Jos a watan Disamba. Rigar sanyin da take ruɓewa cikin akwatinka tana da mai ita. Ƙarfe da roba da suka lalace, masu sayen gwangwani suna yawo unguwa unguwa. Takardu kuwa, na haihuwa, na fili, na makaranta, katin asibiti, a sa su cikin leda ɗaya mai kauri, a wuri ɗaya da miji da mata da babban yaro suka sani. Wanda ya taɓa gudu da dare ya san darajar wannan leda.

Kai ma yana cika kamar ɗaki. Mai sayar da tumatir a Farin Gada tana riƙe da sunan mutum goma sha biyu da take bi bashi, da ranar adashi, da kuɗin da za ta ba direba, duka a ka. Shi ya sa barci yake gudu, domin zuciya tana tsoron kada ta manta. Littafin rubutu na yaran firamare ya isa ya sauke wannan kaya. Kafin a kwanta a rubuta abin da yake jiran gobe. Wadda ba ta iya rubutu ba, ɗanta ya rubuta mata, ko da harshen gida ne, Berom ko Ngas ko Mwaghavul ko Tarok. Sa'an nan a duba jerin a yi tambayar mai wanki: wanne ne kuza a nan? Yawanci ba su wuce biyu ko uku ba. A fara da su da safe tun da sauran ƙarfi. Wayar ma a kifa ta na awa ɗaya in ana aikin da yake bukatar hankali, gama taura biyu ba ta taunuwa.

Yanzu bari in taɓa inda yake da ƙaiƙayi. A Littafin Fitowa sura 18 an ba da labarin Musa yana zaune tun safe har yamma yana sauraron ƙarar jama'a shi kaɗai. Surukinsa Yetro ya duba, ya gaya masa a fili cewa wannan hanya za ta gajiyar da shi, ta gajiyar da mutanen kuma. Ya ba shi shawara ya naɗa amintattu a kan dubu dubu, ɗari ɗari, hamsin hamsin da goma goma, manyan matsaloli kaɗai su iso wurinsa. Ku lura, aikin da Musa yake yi mai kyau ne. Yawansa ne ya zama matsala, da kuma tunanin cewa in ba shi ba, ba wani.

Mu a ikilisiya muna da wannan ciwo. In aka ga mutum ɗaya mai ƙwazo, sai a ɗora masa kome: shi ne magatakarda, shi ne cikin kwamitin gini, shi ne mawaƙi, shi ne shugaban biki. Mace ɗaya tana zumuntar mata ranar Talata, koyon waƙa ranar Alhamis, dafa abincin baƙi ranar Asabar, ta kwana addu'a, Litinin kuma a ga tana gyangyaɗi a ofis. Mu shugabanni ya kamata mu ji kunyar wannan. Kai kuma da aka ɗora wa, ba rashin bangaskiya ba ne ka ce, "Baba, na gode da kuka ga na isa, amma bana ba zan iya ƙara wannan ba. Ga wane, a gwada shi." Wanen nan ba zai taɓa koya ba muddin kana riƙe da kome. Haka yake a gida. Yaro namiji mai shekara goma sha biyu ya isa ya wanke kwano ya share tsakar gida, hannunsa ba zai guntule ba.

Jiki kuwa magayi ne, yana da lissafinsa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da bincike a kan doguwar ranar aiki. Sun ce mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17, in aka gwada shi da mai aikin awa 35 zuwa 40. Sun ƙiyasta cewa a shekarar 2016 mutum 745,000 ne suka mutu a duniya ta wannan hanya. Yanzu ka yi naka lissafi. Mai buɗe shago ƙarfe 7 na safe ya rufe ƙarfe 6 na yamma, kwana shida a mako, ya yi awa 66. Bai ma sa aikin gona da na gida a ciki ba.

Hukumar ta kuma bayyana a 2019 yadda ake gane wanda wahalar aiki ta cinye. Ƙarfinsa ya ƙare. Zuciyarsa ta fita daga aikin, har yana jin haushinsa. Abin da yake yi kuma ba ya kyau kamar da. Tela ya fara ɓata yadin mutane, malami ya fara yi wa yara tsawa ba dalili. Irin wannan ba ƙarin awa yake bukata ba. Babban mutum yana bukatar barcin awa bakwai ko fiye, da rana ɗaya a mako da zai ajiye kayan aiki da gaske. In Lahadinka ta cika da taro tun safe har dare, to ba ka huta ba, ka canja wurin aiki ne kawai.

Samarinmu masu tuƙa keke da masu shiga ramin kuza, ku ji ni da kyau. Tramadol da ire-irensa ba sa ƙara ƙarfi. Suna rufe bakin jiki ne don kada ya faɗi cewa ya gaji. Bashi ne kake ci, ranar biya kuwa tana zuwa da farfaɗiya ko da jarabar da ba ta sakin mutum da sauƙi.

Wanda ya wuce shekara arba'in, ya je a auna jininsa ko da ba ya jin kome, domin hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da alama ba. Awon ba ya cin minti biyar, ana yinsa har a ƙaramin asibitin unguwa. In kuwa ka kai mako biyu ba barci, abinci ba ya shiga, abin da kake jin daɗinsa da ya fita ranka, ko tunani yana zo maka cewa gara mutuwa, wannan ya wuce gyaran ɗaki da littafin rubutu. Kada ka ɓoye. Ka gaya wa matarka ko mijinki, ko wani dattijo da ka amince da shi, ku tafi asibiti tare. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos akwai likitocin da aikinsu ke nan, haka kuma ana iya farawa daga Jankwano ko asibitin Vom a nemi a tura mutum inda ya dace. In aka ba da magani a sha shi yadda aka ce, a kuma koma ranar da aka rubuta a kati.