Alƙaluman da ke tona asirin injin MGB

Tsakanin 1962 da 1980 masana'antar MG da ke garin Abingdon a Ingila ta ƙera motar MGB sama da rabin miliyan, kuma akasarinsu ƙasashen waje aka kai, musamman Amurka. Wannan yawan ne ya sa har yau tana cikin motocin da masu sha'awar tsofaffin motocin gudu suka fi farawa da su, domin kayan gyaranta ba su yi wuyar samu ba. Sai dai arhar kaya tana da illa. Mota ta fara tari, mai ita ya sayi sabon koyil. Ba ta daina ba, ya canza fulogi, ya canza famfon mai, ya kwance kabureta. Kuɗi ya tafi, cuta tana nan. Alhali littafin gyaran motar ya ba da adadin da kowane sashe ya kamata ya nuna in yana da lafiya, kuma awo na rabin yini yakan nuna inda ɓarnar take.

Injin kansa ba shi da sarƙaƙiya: silinda 4, girmansa cc 1,798, ƙarfin doki 95 a samfurin farko, da kabureta biyu ƙirar SU. Motar takan ɗan haura mil 100 a awa, wato kusan kilomita 165. Amma kafin a kwatanta kowane awo da littafi, dole a san shekarar motar, don alƙaluman sun sauya. Injin farko yana da mazaunin kiranshaf 3, daga ƙarshen 1964 suka zama 5. Daga 1975 motocin da aka kai Amurka sun koma kabureta ɗaya saboda dokokin hayaƙi, ƙarfinsu ya faɗo zuwa doki sittin da 'yan kai. Wanda ya sayi irin wannan yana kukan ba ta ja kamar ta maƙwabcinsa ta 1965, ba lalacewa ta yi ba, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin tun a masana'anta aka rage shi. Kuma bayan shekara hamsin, ba lallai injin da ke ciki ya zama nata na asali ba, shi ya sa lambar da ke jikin injin ta fi takardun mota gaskiya.

Awon da ya kamata a fara da shi shi ne na matsin iska a cikin silinda. A ɗumama inji, a cire fulogi duka huɗu, a taka totur har ƙasa, a ɗaura geji a ramin fulogi, a ba da kik. Ana karanta shi da psi, ma'aunin nan da masu faci ke dubawa a gejin taya. Injin farko mai babban matsi, sabo yakan ba da wajen 160. Amma wannan adadin ba shi ne abin dubawa na farko ba, don geji ya bambanta da geji, batir mai rauni ma yakan rage shi. Abin da ke magana shi ne tazarar da ke tsakanin silindodin huɗu, kuma ƙa'idar makanikai ita ce kada ta wuce kashi 10 cikin 100. A ɗauka an sami 140, 138, 142, 137. Wannan inji ya tsufa, amma ya tsufa bai ɗaya, zai ci gaba da aiki shekaru. A ɗauka kuma an sami 155, 90, 90, 155. A nan labarin daban ne: silinda biyu maƙwabta sun faɗi tare kuma daidai wa daida, alamar gasket ɗin kan inji ya ƙone a tsakaninsu, iska tana tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Ba mamaki ya faru a nan, domin a wannan injin silinda ta 2 da ta 3 hanyar fitar hayaƙi ɗaya suke amfani da ita, tsakiyar kan injin ya fi ko'ina ɗaukar zafi.

In silinda ɗaya ce kawai ta faɗi, akwai gwaji mai sauƙi da nake ganin kowa ya kamata ya sani. A zuba kamar ƙaramin cokali na man inji ta ramin fulogi, a sake awo. In adadin ya tashi sosai, man ya toshe giɓin da ke gefen fistin na ɗan lokaci, ke nan ringi ne suka cinye. In bai motsa ba, iskar ta sama take gudu, ta bawul. Bambancin ba ƙarami ba ne ga aljihu: na biyu cire kan inji kawai yake bukata, na farko yakan kai ga sauke inji gaba ɗaya.

Bawul ɗin ma suna da nasu adadin. A injinan farko tazararsu inci 0.015 ce a sanyi, wato milimita 0.38, a injinan baya masu lamba 18V kuma 0.013. Akwai dabarar lissafi da ake kira ƙa'idar tara: bawul 8 ne a jere, in na 8 ya buɗe sosai sai a saita na 1, in na 6 ne a saita na 3, kullum jimillar 9. Abin lura shi ne inda tazarar ta dosa daga wannan awo zuwa na gaba. In tana ƙaruwa, inji yana ƙara kas-kas, wannan cinyewa ce ta yau da kullum. In kuwa tana raguwa a bawul ɗin hayaƙi, inji yana ƙara yin shiru, to a tsorata. An ƙera kan injin nan da baƙin ƙarfe a zamanin fetur mai dalma, kuma dalmar ce ke kare mazaunin bawul. Birtaniya ta daina sayar da irin wannan fetur ga jama'a a farkon shekarar 2000. Ba tare da ita ba, in ana dogon gudu, bawul yakan riƙa nutsewa cikin mazauninsa har tazarar ta ƙare, ya kasa rufuwa, ya ƙone. Maganin dindindin shi ne a sa mazaunai masu tauri. Amma wanda ke rubuta awonsa a littafi zai ga nutsewar tun tana ɗaya ko biyu cikin dubu na inci.

Gejin matsin man inji da ke gaban direba yana yaudarar masu saye. Littafi ya ce psi 50 zuwa 80 a kan tafiya, 10 zuwa 25 a silo. Inji mai sanyi, mai kauri, kusan kowanne zai nuna 70. Sai an yi tafiyar rabin awa man ya tsinke ake ganin gaskiya. In a lokacin allurar ta kasa kai 40 ana cikin gudu, mai yana zurarewa ta mital da suka cinye, ko famfon ya gaji. Man 20W-50 shi ne aka saba sa wa wannan inji, kuma ƙara kauri fiye da haka ɗaga allura kawai yake yi, ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi.

Sai wuta. Tsofaffin makanikan Ingila suna da wata magana cewa mafi yawan matsalar kabureta a distiributa take, kuma na yarda da su. Kwantak ɗin da ke cikin distiributar Lucas, irin wanda duk bakaniken da ya yi aiki a kan tsohuwar fijo 504 ya sani, tazararsa inci 0.014 zuwa 0.016 ce. Ɗan dunduniyar robar da ke goga a jikin sanda yana cinyewa a hankali, tazarar ta ragu, wuta ta riƙa zuwa a makare. Mota ta rasa ƙarfi, ta riƙa zafi, ta ƙi zama a silo, duka alamun da ake ɗora wa kabureta. Shi ya sa jerin aikin yake da muhimmanci: bawul, sannan kwantak, sannan taimin, kabureta a ƙarshe. Wanda ya fara da kabureta yana saita ta ne don ta rufe aibin wani wuri, kuma ranar da aka gyara wancan wurin sai an sake ta. Tazarar fulogi inci 0.025 ce, jerin tashin wuta kuma 1-3-4-2. Koyil ma iri biyu ne. Na motocin farko yana nuna kusan om 3 a mita, na motocin da suka zo daga tsakiyar shekarun 1970 kusan 1.5, don akwai waya mai rage wuta a gabansa. In aka sa na 1.5 a inda babu wannan wayar, zai yi zafi ya ƙone kwantak.

A ɓangaren rewaya akwai tarko guda biyu. Har zuwa 1967 kan batir mai alamar tarawa ne ake haɗawa da bodi, akasin motocin yau, kuma har wajen 1974 batir biyu ne masu bolt 6 a bayan kujeru, an haɗa su a jere. Rediyon zamani ko na'urar wuta ta zamani da aka jona ba tare da an duba wane kan batir ne aka haɗa da bodi ba, nan take take mutuwa. Tarko na biyu fiyus ne. Na Lucas mai rubutun 35 adadin da yake tsinkewa ne aka rubuta, abin da yake ɗauka a kullum kusan 17 ne. Fiyus na wani tsarin mai rubutun 35 yana ɗaukar 35 ɗin ne a kullum, ke nan waya za ta narke shi bai tsinke ba. Motocin farko kuwa fiyus 2 kacal gare su, wayoyi masu ruwan ƙasa kuma kullum da wuta ba tare da fiyus ba. Batir cikakke yana nuna bolt 12.6 a kashe, 13.8 zuwa 14.4 in inji na aiki. Wahalar kik kuma sau da yawa daga doguwar wayar da ta taho tun daga bayan kujera take, ko daga tsatsar mahaɗin bodi. In faɗuwar wuta a kan waya ta wuce rabin bolt lokacin kik, sai a kankare mahaɗai kafin a zargi sitata.

Zafi yana da lissafi mai sauƙi. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma a ƙarƙashin murfin lagireto mai psi 7, irin na motocin farko, sai ya kai wajen 111, mai psi 15 kuma wajen 121. Murfin da robarsa ta mutu ya kwashe wannan rarar duka, mota ta riƙa aman ruwa alhali injin lafiya lau. Famfon fetur na SU ma matsinsa bai kai psi 4 ba, famfo mai ƙarfi yakan danne allurar kabureta fetur ya malalo kusa da bututun hayaƙi mai zafi. Tun Satumban 2021 kuma fetur ɗin da aka fi sayarwa a Birtaniya yana da sinadarin etanol har kashi 10 cikin 100, wanda ke cin tsofaffin tiyo na roba, don haka tiyon da ba a san shekarunsa ba canza shi ake yi.

Man birki na DOT 4 sabo yana tafasa a digiri 230, in ya sha danshi sai ya sauko zuwa 155, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko da motar a gareji ta kwana. Taya kuma tana ɗauke da ranar haihuwarta: lamba huɗu a gefe, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Mai lamba uku kafin 2000 aka yi ta, komai kyan zanenta ba ta hawa titi.

Duk wannan gyara ne mai iyaka, ana iya ƙiyasta kuɗinsa tun kafin a ɗauki sufana. Wanda ba shi da iyaka shi ne tsatsa. MGB ba ta da shasi dabam, bodin ne ke ɗauke da kansa, kuma tunda yawancinsu ba su da rufin ƙarfe, nauyin ya koma kan dogayen akwatunan ƙarfe da ke ƙarƙashin ƙofofi. Gishirin da ake watsawa a titunan Ingila lokacin hunturu daga ciki yake cin su, waje yana ƙyalli da fenti. Awonsa a tazarar ƙofa yake: in ta matse daga sama ta buɗe daga ƙasa, ko ƙofa ta ƙi rufuwa da aka ɗaga mota a jak, tsakiyar motar ta fara lanƙwashewa. Maganaɗisu da aka bi da shi gefen bodi yana faɗuwa a inda aka cike rami da foti. Matsalar ta yi yawan da a 1988 kamfanin British Motor Heritage ya koma buga sabon bodin MGB da ainihin na'urorin da aka yi na farko da su, domin a wasu motocin aikin walda da na fanel bita ya fi sabon bodi tsada.