BABI NA BIYU: ZANEN MASOYA FIM DA ƘERA KWAFIN KAYAN FIM A MATSAYIN AIKIN SHA'AWA

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo dalilin gudanar da wannan bincike da muhimmancinsa da kuma farfajiyarsa. A wannan babi kuwa za a dubi wata ɗabi'a da ta yi ƙarfi a ƙasashen Amurka da Turai da Japan, wato yadda masu kallon fim kan zauna su zana taurarinsa, ko su ƙera kwafin kayan da suka gani a cikinsa, ba tare da wani ya sa su ba. Za a fi mayar da hankali ga fim ɗin Star Wars na shekarar 1977, domin yana cikin finafinan da wannan aiki ya fi bunƙasa a kansu. Manufar babin ita ce a nuna cewa, ko da yake kwaikwayo ne tushen aikin, ba ya yiwuwa sai da bincike mai zurfi da gwanintar hannu, har ma ya kai ga haifar da taƙaddama a kan wanda ya mallaki siffar abin da aka gani a fim.

2.1 Ma'anar Aikin

Abin da ake nufi da zanen masoya shi ne duk wani hoto da mai sha'awar fim ko littafi ya zana, ya ɗauko mutanen labarin ko wurarensa, alhali ba shi ya ƙago su ba. Kayan fim kuwa su ne abubuwan da ɗan wasa ke riƙewa ko sanyawa a lokacin ɗaukar fim, kamar takobi da bindiga da kwalkwali da sulke da taswira. Kwafin kayan fim ke nan shi ne wanda wani ya ƙera daga baya, ya yi ƙoƙarin ya zo daidai da na asali a girma da nauyi da launi.

Akwai bambanci tsakanin ayyukan biyu. Mai zane yana da 'yancin ya ƙara ko ya rage, ya sa tauraro a wani hali da fim bai nuna ba. Shi kuwa mai ƙera kwafi, darajar aikinsa tana ga rashin kaucewa daga na asali. Wannan sha'awa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin yaran da ke haɗa motar kara ko ta langalanga su ma abin da idonsu ya gani suke mayarwa abin riƙewa a hannu. Sai dai masu aikin da ake magana a kai yawanci manya ne, masu iyali da sana'o'insu, kuma sukan kashe kuɗi da shekaru a kan abu guda.

2.2 Taƙaitaccen Tarihi

Akan danganta farkon shigar kwaikwayon kayan fim a bainar jama'a da babban taron masoya labaran ƙagen kimiyya da aka yi a birnin New York a shekarar 1939. A wurin ne Forrest J Ackerman da Myrtle Douglas suka bayyana sanye da tufafin da ita Douglas ta ɗinka, bisa samfurin na fim ɗin Things to Come na 1936. A ɓangaren zane kuma, masoya shirin talabijin na Star Trek sun fitar da mujallarsu mai suna Spockanalia a 1967, wadda ta ƙunshi rubuce-rubuce da zane-zanen masu kallo. A Japan an buɗe kasuwar Comiket a birnin Tokyo a 1975, inda masu zanen sha'awa ke baje kolin littattafan da suka buga da kansu.

Jenkins (1992), a littafinsa Textual Poachers, ya nuna cewa irin waɗannan masoya ba 'yan kallo ne kurum ba, suna ɗibar abin da kamfani ya samar su sarrafa shi ya zama nasu. A kan wannan ra'ayi ne aka ɗora bayanan da ke tafe.

2.3 Asalin Kayan Star Wars

Kafin a fahimci wahalar mai ƙera kwafi, ya kamata a san yadda aka samar da kayan na asali. An ɗauki fim ɗin a shekarar 1976 a Ingila da Tunisiya, kuma kuɗin da aka ware masa ba su kai yadda aikin ke buƙata ba. Haka kuma daraktansa, George Lucas, ya so komai ya fito kamar wanda aka daɗe ana amfani da shi, mai datti da ƙarce. Saboda haka ma'aikatansa suka koma ga tsofaffin ƙarafa da kayan gwangwan.

Misali, takobin haske na Luke Skywalker mariƙin fitilar ɗaukar hoto ne na kamfanin Graflex, irin wanda 'yan jarida ke maƙalawa a jikin kyamara a shekarun 1940. Roger Christian, mai ƙawata wuraren ɗaukar fim ɗin, shi ya samo shi a wani shagon kyamarori a Landan, ya manna masa siraran robobi a mariƙa, ya ƙara masa 'yan ƙwayayen gilashin da ke fuskar na'urar lissafi ta Exactra. Takobin Obi-Wan Kenobi ya fi wannan tarkace, domin an haɗa shi ne da gurnetin sojan Ingila na Yaƙin Duniya na Ɗaya, da wani ƙarfe daga injin jirgin sama na Rolls-Royce Derwent, da kuma marfin famfon wanke hannu. Bindigar Han Solo ƙirar Mauser C96 ce ta Jamus aka yi wa ƙari, ta fararen sojojin daula kuma ƙirar Sterling ce ta Ingila.

Idan aka lura, masu aikin ba su yi tunanin wata rana wani zai nemi sanin abin da suka haɗa ba. Wannan ne ya mayar da mai ƙera kwafi tamkar ɗan sandan ciki, domin sai ya gano kowane ɓangare daga hoton da ya gilma cikin 'yan daƙiƙoƙi.

2.4 Matakan Ƙera Kwafi

Ana iya kasa aikin gida huɗu kamar haka:

(a) Bincike: A shekarun 1980 masu aikin sun dogara ne ga tsayar da kaset ɗin bidiyo da kuma hotunan mujallu. Fitowar faifan DVD da na Blu-ray ta sa hoto ya ƙara fitowa tangaran. Baje kolin kayan asali, irin wanda aka buɗe a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington a 1997, ya ba su damar ganin kayan ido da ido. Hanyar aunawa ita ce a nemi wani abu a cikin hoton wanda aka san girmansa, kamar kan kusa ko maɓalli, a yi amfani da shi a lissafa girman sauran. Wasu ɓangarorin takobin Obi-Wan sun ɗauki shekaru masu yawa kafin a gane ko mene ne su.

(b) Neman kaya: Masu tsananin son daidaito ba sa yarda da komai sai ainihin ɓangaren da aka yi amfani da irinsa. Wannan ya sa tsohon mariƙin Graflex, wanda a da yasasshe ne, ya yi tsada ƙwarai, har masu tara tsofaffin kyamarori na kukan an raba kyamarori da fitilunsu. Marasa hali kuwa sukan sassaƙa kamanninsa daga bututun ƙarfe ko na roba.

(c) Ƙira: Hanyoyin ƙira suna da yawa. Sulke da kwalkwali akan yi su ne ta hanyar gasa fallen roba har ya yi laushi, a kifa shi a kan samfurin da aka sassaƙa, sannan a zuƙe iskar da ke tsakaninsu, robar ta lafe ta ɗauki siffar samfurin. Ƙananan kaya kuma zubi ake yi. Akan lulluɓe samfuri da ruwan silikon, idan ya daskare a ɓare shi, a riƙa zuba wani ruwan roba mai tauri a cikin gurbin. Dabarar ta yi kama da ta masu zubin tukwanen ƙarfe a kasuwanninmu, waɗanda ke danna tukunya a cikin yashi don su sami gurbinta. Akwai kuma masu yanka soson roba mai kauri su haɗa da gam, saboda araha da rashin nauyi. Daga shekarar 2009, lokacin da wa'adin haƙƙin mallakar wata muhimmiyar fasaharta ya ƙare, na'urar da ke fitar da siffar abu kai tsaye daga kwamfuta ta yi sauƙin kuɗi, ta shiga gidajen masu wannan aiki. Duk da haka abin da ta fitar sai an bi shi da magagari da samfefa kafin ya yi sumul.

(d) Fenti da tsufarwa: Wannan shi ne matakin da ke bambanta gwani da ɗan koyo. Bayan an shafa fenti, sai a shafa baƙin launi mai ruwa-ruwa a goge, ya maƙale a lunguna kamar dauɗa, a kuma goga launin azurfa a gefuna kamar inda fenti ya goge. Har kuskuren masu aikin asali ake kwaikwaya. Misali, kwalkwalin fararen sojojin na fim ɗin farko da hannu aka sassaƙa samfurinsa, don haka gefen dama bai yi daidai da na hagu ba. Kwafin da ya zo daidai wa daida a gefe biyu, a wurin masana aikin, ya kauce ke nan.

2.5 Ƙungiyoyi da Dangantaka da Kamfani

A shekarar 1997 Albin Johnson ya assasa ƙungiyar 501st Legion a jihar South Carolina ta Amurka, wadda a yau take da rassa a ƙasashe masu yawa. Ba a karɓar mutum sai an duba shigarsa an tabbatar ta cika ƙa'idojin da ƙungiyar ta shimfiɗa. Membobinta kan ziyarci asibitoci da tarukan neman taimako, ba tare da sun karɓi ladan aiki don kansu ba. A 1999 kuma Dave Everett ya kafa ƙungiyar masu ƙera butum-butumin R2-D2 a Ostareliya.

Abin lura a nan shi ne yadda kamfanin Lucasfilm ya dawo yana cin moriyar masu kwaikwayonsa. Biyu daga cikin masu ƙera R2-D2 a Ingila, Lee Towersey da Oliver Steeples, an ɗauke su aiki bayan wani taron masoya da aka yi a birnin Essen na Jamus a 2013, suka ƙera wanda ya fito a fim ɗin The Force Awakens na 2015. Haka nan a shirin The Mandalorian na 2019, da aka buƙaci sojoji masu yawa, sai aka gayyato 'yan 501st Legion suka zo da sulkensu na gida. Ta haka abin da aka ƙera a matsayin kwafi ya shiga fim, ya zama kayan fim na haƙiƙa.

2.6 Matsalar Haƙƙin Mallaka

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Kasuwa ta tabbatar da haka, domin a 2022 an yi gwanjon bindigar Han Solo ta asali a kan dala 1,057,500, kuɗin da babu kwafin da ke kusantarsu komai kyansa. Wannan tazara ce kan jawo maha'inta su sayar da kwafi da sunan na asali.

A ɓangaren doka, siffofin fim mallakar kamfani ne. Yawanci kamfanoni kan kau da kai idan mutum ya ƙera don kansa, amma sukan tashi tsaye idan ciniki ya shigo. Shari'ar da ta fi shahara ita ce ta Andrew Ainsworth, wanda ya ƙera kwalkwalin fararen sojojin a 1976, daga baya ya shiga sayar da irinsu. A 2006 wata kotu a California ta yanke masa diyyar dala miliyan 20. Amma a 2011 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa kwalkwalin ba sassaƙen fasaha ba ne a idon dokar ƙasar, kayan aikin fim ne, saboda haka ɗan gajeren wa'adin kariyarsa ya riga ya wuce a can. Ainsworth mai sana'a ne, ba ɗan sha'awa ba, sai dai hukuncin ya nuna cewa abu guda yana iya zama halal a wata ƙasa, laifi a wata.

Su kansu masu aikin suna da tasu dokar. Babban abin kunya a tsakaninsu shi ne mutum ya sayi aikin ɗan'uwansa, ya yi zubinsa ya riƙa sayarwa. Wanda aka kama da haka akan ƙaurace masa. Wani zai yi mamakin yadda mai kwaikwayo ke ƙin a kwaikwaye shi. Hujjarsu ita ce siffar ta kamfani ce, amma shekarun bincike da awo da sassaƙa nasu ne. Akwai kuma batun tsaro, domin kwafin bindiga na iya tsorata jama'a. Dokar Birtaniya ta 2006 ta taƙaita ƙerawa da sayar da bindigar wasa mai kama da ta gaske, a Amurka kuma doka ta wajabta sa alamar ruwan lemo a bakin bindigogin wasa da ake sayarwa.

2.7 Naɗewa

A wannan babi an kawo ma'anar zanen masoya da ta kwafin kayan fim, da taƙaitaccen tarihinsu, da matakan da ake bi wajen ƙira. An ga cewa da yake kayan Star Wars na asali daga tarkace aka haɗa su, mai neman kwafinsu dole ya zama mai bincike kafin ya zama maƙeri. An kuma ga cewa iyakar da ke tsakanin ɗan kallo da ma'aikacin fim tana iya gushewa, amma ta haƙƙin mallaka tana nan daram da zarar kuɗi sun shigo. Babi na gaba zai dubi zanen masoya shi kaɗai, da nau'o'insa da jigoginsa.