Star Wars da Fushin Masoya: Ina Suka Ya Tsaya?

A 2017 aka saki fim ɗin Star Wars: The Last Jedi, ya tara sama da dala biliyan 1.3, amma kan masoya ya rabu. Dalili kuwa, darakta Rian Johnson ya mayar da gwarzonsu Luke Skywalker tsoho mai karyayyar zuciya, wanda ya guje wa yaƙi. Wasu suka ce an ci amanarsu, wasu suka ce ai gwarzo ma ɗan Adam ne.

To, muhawara ba laifi ba ce. Amma wasu sun zarce, suka riƙa zagin jaruma Kelly Marie Tran saboda asalinta, har ta goge hotunanta na Instagram a 2018. Fim ne bai yi maka ba, me ya kawo cin mutuncin 'yar mutane? Ku fa, me kuka gani?