Kawal: Yadda Ake Ajiye Tafasa a Darfur

Tafasar nan da muke kwaɗawa da damina, mutanen Darfur da na gabashin Cadi sun daɗe da sanin hanyar ajiye ta har rani. Mata kan kirɓa ɗanyen ganyen, su danna shi cikin tulu, su shimfiɗa ganyen dawa a kai, sa'an nan su liƙe bakin da laka, su binne tulun a inuwa. Ba a zuba gishiri ko kaɗan. Bayan kowane kwana 3 akan buɗe a juya, har mako 2, kana a cuccura a shanya. Wannan shi ne kawal. Warinsa kam sai wanda ya saba, amma a gidan da nama ya gagara, shi ke riƙe miya.