Turbo da Sufacaja: Hanyoyi Biyu na Ɗura wa Inji Iska

Injin mota yana samun ƙarfinsa ne daga ƙonewar mai a cikin silinda, mai kuwa ba ya cin wuta sai da iska. A injin fetur, giram ɗaya na mai yana buƙatar kusan giram 14.7 na iska kafin ya ƙone tas. Idan aka ƙara mai ba a ƙara iska ba, baƙin hayaƙi da asara za a samu. Saboda haka masu ƙera inji suka nemi dabarar tura iska ciki da ƙarfi, kamar yadda maƙeri ke hura wuta da zugazugi. Na'urori biyu ne suka shahara a wannan aiki, sufacaja da turbo, kuma abin da ya raba su shi ne inda kowace ke samo ƙarfin juyawa.

Sufacaja ce ta fi shekaru. A 1860 wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Philander da Francis Roots, suka yi rajistar wani famfon iska da aka riƙa hura wutar narka ƙarfe da shi, daga baya aka ɗora irinsa a kan inji. Kamfanin Marsandi ya baje kolin motoci masu wannan na'ura a Balin a 1921. Bel ne ke haɗa ta da karanshaf, don haka da inji ya juya ita ma ta juya. Direba yana taka totur ƙarfi ya zo masa nan take. Illarta ita ce daga jikin injin take cin rabonta: wani ɓangare na ƙarfin da ta ƙara yana tafiya wajen juya ta ita kanta, kuɗin wannan kuwa a gidan mai ake biyansa.

Turbo kuwa wani injiniyan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistarta a 1905. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ke cikin mai yana ficewa ta salansa a banza. Turbo tana tare wannan hayaƙi mai zafi ya juya wata fanka, fankar kuma ta juya 'yar'uwarta da ke kan sanda ɗaya da ita, wadda ke danna iska cikin inji. Sandar tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda. Kamfanin Saurer ya sa turbo a injin babbar mota a 1938, sai a 1962 ta shiga ƙananan motoci a Amurka. Ta fi sufacaja tattalin mai, amma tana da ɗan jinkiri, domin sai hayaƙi ya taru kafin ta kama aiki.

Muhawara kan wadda ta fi kyau tana da zafi a Amurka, tsakanin masu gyaran manyan motocin tsere masu silinda takwas. Mai son motar da za ta zabura daga tsaye yakan zaɓi sufacaja, kamar yadda kamfanin Dodge ya yi a Challenger Hellcat ta 2015, mai ƙarfin doki 707. Mai neman ƙololuwar ƙarfi a dogon gudu yakan karkata ga turbo.

A Babban Mutum, garin kan iyaka da ke ƙaramar hukumar Baure a masarautar Daura, kan hanyar da ta nufi Magarya ta Jamhuriyar Nijar, tambayar tana zuwa da wata fuska. Motocin da ke aiki a nan na ɗaukar hatsi ne da dabbobi da fasinja. Kusan duk wata tirela ta zamani mai shan gas, irin su DAF da MAN da Howo, da turbo take fitowa daga kamfani, kuma ya dace: injin gas yana jure matsin iska, babbar mota kuma takan daɗe tana jan kaya a kan gudu ɗaya, wanda shi ne yanayin da turbo ta fi so. Sufacaja an fi ganinta a Marsandi 'yar Kwatano mai rubutun Kompressor a bayanta, irin su C180 da C200. Shi ma kamfanin ya koma turbo a waɗannan motoci wajen 2009, don rage shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan lissafi ya shafi aljihun kowane mai mota.

Abin da ke yanke wa na'urar tsawon rai a wannan yanki shi ne ƙura da zafi da baƙin mai. Sandar turbo a kan siririn baƙin mai take yawo, daga wanda inji ke amfani da shi. Idan man jabu ne, ko ya wuce lokacin juye, sandar ta fara cin mazauninta, sai a ji kuka mai kama da fito, a ga shuɗin hayaƙi. Haka idan direba ya iso tasha daga doguwar tafiya ya kashe inji nan take: mai ya daina gudana alhali ƙarfen yana da zafin ɗaruruwan digiri, ragowar man ya ƙone ya toshe hanyarsa. Barin inji ya yi silo na minti biyu ko uku kafin a kashe shi yana hana wannan ɓarna. Ƙurar hunturu kuma, idan matatar iska ta yage ko aka cire ta, tana goge fikafikan fanka har su dakushe. Da yawa daga masu zuwa neman turbo a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, rashin kula ne ya kashe musu ta farkon, kuma abin takaici ne, domin matatar iska ba ta kai kusa da kuɗin turbo ba.

Sufacaja ta fi sauƙin sha'ani ta wannan fuska. Irin ta Marsandi tana da nata man daban a rufe, ba ta kuma zaune cikin zafin salansa. Abin dubawa a kai a kai shi ne bel da abin da ke ɗaure shi. Amma ita ma ƙura tana cin ta.

Dukansu biyu suna ɗumama iskar da suka matsa, iska mai zafi kuwa tana sa fetur ya kama wuta kafin lokacinsa, ya riƙa dukan fistin. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin ƙasar Daura ke haura digiri 40, haɗarin yana ƙaruwa, ya kuma ninka idan an sha gurɓataccen man bumburutu. Shi ya sa ake sa intakula, wato na'urar sanyaya iska kafin ta shiga silinda, kuma tilas a riƙa wanke ta tare da lagireto.

Saura batun ɗora ɗayarsu a kan injin da bai zo da ita ba. Ƙarin matsi na rabin "bar" (ma'aunin matsin iska) yana nufin ƙarin iska kusan rabi, wanda ke buƙatar nozul da famfon mai da suka fi girma, da sake saita kwamfutar mota, wani lokaci har da canjin fistin da gasket da kuloci. Bakaniken da ya ɗaura na'urar ya tsallake waɗannan, inji zai yi ƙarfi na ɗan lokaci sannan ya buga. Birki da tayoyi su ma an auna su ne da ƙarfin da motar ta zo da shi, ga hanyoyin yankin da ake rabawa da babura da amalanken shanu. Wanda aikinsa ke buƙatar ƙarin ƙarfi, sayen injin da ya fito da turbo daga kamfani, tare da giyarsa da wayoyinsa, ya fi masa araha da aminci.