Nonon Ruga da Haƙƙin Mata: Bayani ga Hakimai da Magatakarda

Sanin kowa ne cewa yawancin nonon da ake sha a ƙasar Arewa daga rugagen Fulani yake fitowa. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, a al'adar ruga, namiji ke da iko da garke, mace kuwa ke da iko da nono. Ita ke dafa madara ta kwantar da ita ta zama kindirmo, ita ke kaɗawa ta fid da man shanu, ta dama fura, ta ɗauki ƙwarya zuwa kasuwa. Abin da ta samu nata ne, da shi take sayen gishiri da kayan miya da sabulu da tufafin yara. Har wa yau, waɗansu shanun da ke cikin garken nata ne na kanta, ta hanyar sadaki ko gado ko kyautar iyaye.

Wata masaniya, Ann Waters-Bayer, ta yi bincike cikin Fulanin da suka zauna a kudancin Jihar Kaduna, aka buga littafinta a 1988. Ta tarar a can maza ke tatsa, su raba madarar ga matan gida, amma sarrafawa da sayarwa da riƙe kuɗin duk a hannun mata suke.

Inda Matsala Take

Saniyar Bunaji ba ta da yawan nono. Abin da ake tatsa daga gare ta a rana bai cika wuce lita 1 ko 2 ba, da rani kuwa ya kan ragu ƙwarai. Mai garke yana son a bar wa maraƙi ya sha ya yi ƙwari, uwargida tana son a cika ƙwarya. Wannan tsohon zance ne, sun san yadda suke sasantawa.

Sabuwar matsala ta kan taso sa'ad da kamfani ko hukuma ta kafa wurin tara madara. Ma'aikata su kan rubuta sunan maigida kaɗai, su biya shi. Ta haka kuɗin da ke shiga hannun mace kullum sai ya koma aljihun namiji, alhali wanke ƙwarya da tace madara da kai ta wurin awo suna nan a wuyanta. In ta ga haka, sai ta ɓoye madara ta kai kasuwa, wurin tarawa kuma ya mutu.

Haka nan wajen koyarwa. Malamin dabbobi ya kan tara maza ya yi musu bayanin bakkale da tarin fuka, cututtukan da mutum ke ɗauka ta wurin shan ɗanyar madara. Mai dafa madarar kuwa tana gida, ba ta ji ba.

Abin da Ake Bukata

Na farko, in za a rubuta masu kawo madara, magatakarda ya tambayi wadda ke da ƙwarya, ya sa sunanta, a kuma biya ta hannu da hannu ko ta asusunta.

Na biyu, in za a kafa jam'iyyar gama kai, Hakimi ya tabbata akwai mata cikin shugabanninta, ya kuma fara shawartar Arɗo don kada maza su ɗauka ana neman raba su da iyalinsu.

Na uku, a sa taron koyarwa da yamma, bayan mata sun komo daga tallan nono, a kuma nemi malama mace mai jin Fulatanci.

Hakimin da ya kula da waɗannan zai ga nono mai tsabta ya yawaita a kasuwannin ƙasarsa, ƙarar miji da mata a kan kuɗin madara kuma ta ragu a ƙofarsa.