Shirin Hawan Dutsen Chappal Waddi

Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya, yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti a jihar Taraba, dab da iyakar Kamaru. Tsayinsa mita 2,419. Mota ba ta kai mutum ƙololuwarsa; tafiyar ƙasa ce ta kwanaki, ana kwana a daji.

Masu dabara kan zaɓi rani, Disamba zuwa Maris, domin da damina rafuka kan cika, hanya ta yi santsi. Izini kuwa wajen hukumar gandun ake karɓa, a Serti, kuma ba a shiga sai da ɗan jagora.

Takalmi shi ne abin da baƙi suka fi rainawa. Sabo fil yakan sa ƙafa ta yi bororo tun ranar farko, don haka gara a yi makonni ana atisaye da shi, jaka a baya. Sai rigar sanyi da bargo, domin wanda ya saba da zafin Yola zai sha mamakin daren can sama. Guzuri: garin rogo, ƙuli-ƙuli da kilishi, ba nauyi, ba saurin lalacewa. Ruwan rafi sai an tafasa.

Sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne, saboda haka a sanar da 'yan'uwa ranar dawowa kafin a tashi.